Katin Rigakafi da Bakin Mutane



A kusan kowace ikkilisiya da muka yi hidima, da waɗanda ɗalibanmu na kwalejin tauhidi suke zuwa aikin hutu, akwai iyayen da suka koma zama a bencin baya, suna ficewa kafin a gama gaisuwa bayan sujada. Laifinsu a idon jama'a shi ne ba su kai yaransu rigakafi ba, ko sun fara sun tsaya a hanya. Ba wanda ya yi shelar haka daga bagade. Magana ce take tashi daga bakin famfo, ta bi ta taron mata zumunta, ta ƙare a waya. Maganar ta shafe ku matasa ta gefe biyu. Waɗansunku sun yi aure, goyon fari yana hannu. Waɗansu kuma ku ne ake ɗauka aikin bin gida-gida da akwatin ƙanƙara da alli, kuna ɗiga wa yara maganin shan inna.

Bari mu faɗi matsayinmu tun da wuri, don kada a yi mana fassara. Rigakafi alheri ne daga wurin Allah ta hannun mutane. Yaranmu sun karɓa, muna kuma roƙon kowane gida ya kai nasa. Abin da ya dame mu yau shi ne halin da uwa ko uba suke shiga bayan an san ba su kai ba, da abin da bakinmu yake ƙara musu.

Da farko, mutanen nan ba iri ɗaya ba ne, ko da yake suna ɗaya ake ba su, wato masu taurin kai. Ku dubi abin da ake bukata daga uwa a Nijeriya. Ranar haihuwa ko kwanaki kaɗan bayanta, jariri zai karɓi allurar tarin fuka wadda take barin tabo a damtse, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna. Sai a dawo a mako na 6, da na 10, da na 14, domin allurar cinya mai kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa. Sai wata na 9 domin ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai wata na 15 domin ƙyanda karo na biyu. Tafiya 6 ke nan aƙalla. Allurar kyauta ce a asibitin gwamnati, amma mai mashin ba ya ɗaukar mutum kyauta, gona kuma ba ta jiran kowa a watan Yuli.

Akwai wani abu da yawancinmu maza ba mu sani ba sai da matanmu suka faɗa mana. Kwalbar allurar ƙyanda da ta tarin fuka ta yara da yawa ce, kuma in an buɗe ta aka haɗa, bayan sa'o'i 6 sai a zubar da abin da ya rage. Saboda haka ƙananan asibitoci da yawa suna ware rana ɗaya, ko su jira yara su taru. Uwa za ta taso daga ƙauye da sassafe, ta biya kuɗin hanya, a ce mata yau ba a buɗe kwalba, ta dawo mako mai zuwa. Ta dawo, a ce magani bai iso ba. Karo na uku mijinta zai ce kuɗin ya isa haka. Wannan matar ba ta ƙi komai ba. Haka iyalan da suka gudo daga Gwoza ko Michika, ko daga ƙauyukan Mangu da Bokkos da kudancin Kaduna. Katin ya ƙone tare da ɗaki, uwar ba ta tuna wace allura aka yi wace ta rage, tana kuma jin nauyin zuwa hannu wofi. Akwai ma yaron da likita da kansa ya ce a dakata masa da wata allura saboda ciwon da yake fama da shi, iyayensa kuwa ba dole ne su karanta wa dukan ikkilisiya takardar asibitinsa ba.

Sai kuma masu ƙi da gangan. Su ma tsoronsu yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuwa suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba shi da alaƙa da allurar rigakafi, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, ba a ci gaba ba sai a watan Yuli na 2004. Bincike bai tabbatar da jita-jitar ba, cutar kuwa ta samu hanya ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita.

Kada wani a cikinmu ya ce ai wannan matsalar maƙwabtanmu Musulmi ce. A watan Oktoba na 2017 aka baza labari a jihohin kudu maso gabas cewa sojoji suna yi wa 'yan makaranta allurar da ke sa ƙyandar biri. Iyaye suka bar kasuwa da ofis da gudu suka kwashe yaransu, yawancinsu masu zuwa sujada ne kamar mu. Lokacin korona kuma, daga cikin majami'u ne aka yi ta yaɗa cewa allurar ita ce alamar dabbar nan ta Ru'ya ta Yohanna sura 13. A aji mun sha zama da ɗalibai muna bin surar aya bayan aya. Alamar da ake magana a kai ta shafi sujada ce, wato wanda mutum ya zaɓa ya durƙusa wa da saninsa. Ba a shigar da ita jikin jariri ɗan mako 6 da sirinji. Amma wanda ya ji wancan wa'azi daga bakin mai riƙe da Littafi Mai Tsarki, ya kuma gaskata, bai kamata a yi mamaki ba in ya ɓoye ɗansa a ɗaki. A ganinsa ceton yaron yake yi.

To, me suka yake yi wa irin waɗannan iyaye?

Wata uwa ta taɓa ba mu labarinta bayan addu'ar tsakiyar mako. Ɗanta ya yi zazzaɓi kwana biyu bayan allurar mako na 6, cinyarsa ta kumbura, ya hana kowa barci. Surukarta ta ce, "Na faɗa miki, yaro lafiyayye kin kai an sa masa ciwo." Ta ji tsoro ta zauna. Da yaron ya kai wata 7 ta yi ƙarfin hali ta koma. Malamar asibitin ta ɗaga katin sama a gaban mata cike da benci, ta ce, "Ku dubi wannan, sai yanzu ta tuna tana da ɗa." Mata suka yi dariya. Ta ce mana, "Baba Fasto, an yi masa allurar ranar, amma ƙafata ba ta sake taka wurin ba. A gida a zage ni don na kai, a can a zage ni don na makara. Ina zan sa kaina?"

Ba za mu ɗora wa ma'aikatan lafiya laifi duka ba. Da yawa 'yan'uwanmu ne a zumunta, mutum ɗaya yana duba yara masu yawa a rana, albashi yana makara, ya kuma ga yaran da ƙyanda ta makantar ko ta kashe. A watan Fabrairu na 2013 an harbe masu aikin rigakafin shan inna 9 a Kano. Mai irin wannan aiki in ya yi fushi, ana iya gane dalilinsa. Sai dai sakamakon ɗaya ne. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, kunyar nan kuwa ta fi tsoron allura ƙarfin riƙe mace a ɗaki. Wanda aka kunyata a gaban jama'a ba ya cika canza ra'ayi. Yakan nemi waɗanda ba za su yi masa dariya ba, waɗannan kuwa sau da yawa su ne masu tura saƙon murya a WhatsApp cewa Turawa suna so su rage mu. A can ake ce masa sannu, a can ake kiransa mai hankali. Haka jinkirin wata biyu yake zama ƙi na har abada.

Mafi zafi shi ne abin da ake faɗa a gidan makoki. Yaro ya mutu da ƙyanda, ana zaune a tabarma, sai a ji wani daga gefe yana cewa da sun kai shi allura da ba haka ba. Uwar tana ji. Ta riga ta faɗa wa kanta wannan magana sau ɗari tun kafin gari ya waye. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kwanakin nan ne mafi kyau a cikin dukan hidimarsu. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa masifa, a ƙarshen littafin Allah ya yi fushi da su. A Yohanna sura 9 ma, almajirai sun ga makaho sai suka mai da shi darasin tauhidi, suna tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa. Yesu bai tsaya a kan rabon laifi ba, ya buɗe wa mutumin ido. Akwai ƙannen mamacin a gidan, su ma suna bukatar allura, kuma za a yi wannan magana. Amma ranar jana'iza ba ranarta ba ce, kuma mai yin ta ya zama wanda ya kawo abinci ya kwana a gidan.

A nan wani zai ce, to Fasto, ai sai mu bar kowa da ra'ayinsa, kamar yadda Bulus ya koyar a Romawa 14 game da cin nama da kiyaye ranaku. Mun yi ta juya wannan a zuciya, ba mu ga ya zauna daidai ba. Naman da ɗan'uwa ya ci ko ya ƙi ci, cikinsa ya shiga. Ƙyanda kuwa ba ta tsayawa a gidan da aka ƙi allura. Tana cikin cututtukan da suka fi kowanne saurin yaɗuwa, mutum ɗaya yana iya sa wa 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, ƙwayar cutar kuma tana iya zama a iskar ɗaki har sa'o'i 2 bayan mai ita ya fita. Ku tuna da ajin Makarantar Lahadi namu, yara a cushe, taga ɗaya. Ku tuna da jariri ɗan wata 5 a bayan uwarsa a layin mawaƙa, wanda lokacin allurarsa bai yi ba tukuna. Ba abin da yake kare shi sai allurar yaran da ke kewaye da shi. Masana sun ce sai kusan 95 cikin 100 sun karɓa kafin ƙyanda ta rasa hanyar wucewa. Mun kuma ga abin da mashaƙo ya yi daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, musamman a Kano. Dubbai suka kamu, ɗaruruwa suka mutu, akasarinsu yaran da ba su cika allurarsu ba. Cuta ce da allurar cinyar nan take hanawa. Don haka maganar ta shiga ƙarƙashin ƙaunar maƙwabci, ba za mu iya yin shiru a kanta ba. Abin da Romawa 14 ta hana mu shi ne raini, wannan kuwa yana nan daram.

Ga masu cewa bangaskiyarsu ta ishe su, muna girmama ƙaunarsu ga Allah, amma mu duba Matiyu sura 4 tare. Shaiɗan ya kai Yesu ƙololuwar haikali, ya jawo masa Zabura, ya ce ya yi tsalle tunda an yi alkawarin tsaro. Ubangiji ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Annabi Ishaya ya kawo wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa, ya kuma sa a shafa masa curin ɓaure a kan marurun. Iyayenmu a bangaskiya ba su ga faɗa tsakanin addu'a da magani ba. Bishara ta shigo ƙasarmu tare da ɗakin shan magani, shaidar tana nan a Vom, da Garkida, da Galmi a Nijar. Ku dubi damtsen kakanninku, za ku ga tabon lambar agana. A ƙarshen 1966, a yankin Ogoja, wani likitan mishan na Lutheran mai suna William Foege ya ga allurar da ke hannunsa ba za ta ishi kowa ba. Sai ya yi amfani da rediyon da 'yan mishan suke magana da juna, aka aika mutane ƙauye-ƙauye su gano inda cutar take, aka yi wa waɗanda ke kewaye da masu ciwon allura. Dabarar nan ce aka ɗauka zuwa sauran duniya, a 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare. Yawancinku ba ku taɓa ganin mai agana ba. Shan inna ma ya kama hanya, a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'insa na asali, ko da yake ana ci gaba da ɗigon domin wani nau'in bai gama fita ba.

Yanzu gare ku iyaye da ake magana a kanku, in wannan rubutu ya iso gare ku. Mun san akwai ciwo. Ba ku daina zama 'yan'uwanmu ba, teburin Ubangiji kuma ba a tambayar katin asibiti a bakinsa. Roƙonmu shi ne ku raba magana biyu, yadda aka faɗe ta da abin da aka faɗa. Mai yi muku gori ya yi zunubi da harshensa, zai kuwa amsa a gaban Allah. Amma rashin kunyarsa bai mai da ƙyanda ƙarya ba. Kada ku bar haushin surukai ko na malamar asibiti ya yanke wa ɗanku hukunci, domin shi ba ya cikin faɗan. Ba dole ne ku yi wa kowa bayani a ƙofar majami'a ba. Ya isa ku ce, "Na gode, Mama, muna kan maganar," ku wuce. Sa'an nan ku nemi mutum ɗaya da ya san aikin, wanda kuka amince da shi, ku zauna ku yi masa dukan tambayoyin da ke ranku, har da waɗanda kuke jin kunyar yi. Me ke cikin allurar? Me ya sa ake maimaita ɗigon shan inna sau da yawa? Zazzaɓin nan fa? Zai gaya muku cewa ɗan zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani, alamar jiki yana koyon yaƙi. Zai gaya muku alamun da in kun gani sai ku koma asibiti nan da nan, ko da yake ba safai suke faruwa ba. Zai kuma gaya muku abin da mutane da yawa ba su sani ba, cewa in an makara ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Wanda katinsa ya ɓata ma ana karɓarsa.

Mu maza kuma, yawancin zagin nan a kan mata yake sauka, alhali sau da yawa izini da kuɗin mashin a hannunmu suke. Uwa ce take tsayawa a layi, ita ake ɗaga wa kati, ita ake nunawa da baki in yaro ya kwanta. In kai ne ka hana, kada ka bar ta ta ɗauki kunyar ita kaɗai. In kuwa ba ka hana ba, ka ɗauki yaron da kanka rana ɗaya ka je. Mun lura murya takan sauka a ɗakin allura in uba ya shigo.

Ku matasa, abin da ke hannunku ya fi abin da ke hannunmu fastoci yawa. Ku ne masu mashin. Ku ne kuke iya leƙawa asibitin unguwa ku tambayo wace rana ake buɗe kwalbar ƙyanda, ku sanar a zumunta don kada wata ta yi tafiyar banza. 'Yan mata, raka matar yayanku ku zauna kusa da ita a benci, ku riƙe mata jaka, wanda yake da rakiya ba a cika yi masa wulaƙanci ba. In saƙon murya mai tsoratarwa ya shigo zauren iyali a waya, kada ku amsa da dariya a gaban kowa, musamman in Kawu ne ya turo. Ku kira shi a gefe, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ce, "Kawu, saƙon nan ya tayar mini da hankali, ko za mu tambayi wani ma'aikacin lafiya tare?" Dattijo yana iya sauka daga ra'ayinsa in an bar masa hanyar sauka da mutuncinsa. Masu bin gida-gida kuma, abin da kuka gani a gidan mutum da alamar da kuka rubuta a bangonsa na aikinku ne. Kada ya zama labarin hira bayan koyon waƙa.

Akwai wanda za a yi wa duk wannan ya ce a'a. Muna da irinsu, waɗansu shekara da shekaru. Muna gaishe su, muna cin abinci a gidajensu, yaransu suna zuwa Makarantar Lahadi. Mun gaya musu a fili cewa in yaro ya yi zazzaɓi da ƙuraje, ko maƙogwaronsa ya kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a kawo shi cikin yara sai ya warke, mu kuma za mu zo gida mu yi addu'a. Yawancinsu sun yarda da wannan. Ƙyanda da sanƙarau sun fi tashi da rani, daga sanyin hunturu zuwa zafin bazara, saboda haka kafin Kirsimeti mukan sake zagayawa gidajen nan tare da ɗaya daga cikin dattawa da wata ma'aikaciyar jinya daga cikin mata zumunta. Bana muna neman matasa biyu ko uku masu mashin da za su bi mu, domin in wata uwa ta ce ta shirya, a kai ta a ranar kafin wani ya sake yi mata magana. Mai niyya ya sanar da shugaban zumunta bayan sujada.